Goben Sagir

Kwana tara Sagir mai famfo yana ce mini gobe.
Gobensa ta haifi jibi, jibi ta yaye gata.
Iya kuwa kullum da asuba
sai ta tsoma yatsa a buta, ta janye,
ta ce ba komai.
Gwiwarta ce ba ta yarda ba.

Ran Asabar na tari adaidaita sai Ƙofar Ruwa.
Wani Malam Tijjani, da fensir a bayan kunne,
ya bubbuga cikin wata farar hita
kamar mai zaɓen kankana.
Lita talatin. 'Yar Italiya, in ji kwalinta.
Muka ja ciniki, na yi kamar zan tafi,
ya yi kamar zai bar ni.
Da zan fita ya kamo hannun rigata:
"Abu guda, malam. Kada ka kunna ta da ƙishirwa.
Bari ta sha ta ƙoshi tukuna."

Ni da ban san nauyin komai ba sai na alli.

Na kashe babban makunni, na koma na duba sau uku
kamar mai kokwanton raka'a.
Na ɗaure bakin tanki.
Nusaiba ta riƙe mini fitilar waya,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.

Tsohuwar ta ƙi sakin bango.
Tsatsa ta riƙe noti riƙon mai bin bashi.
Na ɗiga masa baƙin mai, na lallashe shi da sifana,
ya juya yana kukan ƙofar zaure.
Sai ta amayo abin da ta haɗiye shekara da shekaru:
jan ruwa, da farin gari mai kama da tsakin masara,
duk a ƙirjina.

Na sauke ta da ƙyar.
A bayanta, inda fenti bai taɓa kaiwa ba,
ga rubutun Baba da fensir:
kwanan wata, kuɗin da ya biya,
da layin da ya ja don ƙugiya ta daidaita.
Bakwai ɗin nan tasa mai ɗamara a ƙugu.
Ban san daɗewar da na yi a kan tsani ba
sai da yarinya ta ce,
"Abba, hannuna ya gaji."

Layinsa na bi. Bai karkace ba ko kaɗan.

Shuɗi na sanyi, ja na zafi.
Na naɗa farin tef, ashe baibai,
na warware, na sake.
Waya uku, kowacce da ɗakinta;
ta ƙasa, mai kore da rawaya, ita na fi ƙulle wa.
Na saki ruwa. Ta yi ta sha tana gyatsa,
famfo ya yi tari, ya tofar da iska, sannan ya miƙe.
Ɗigo ɗaya a gindin ja.
Rubu'in juyi. Ya yi shiru.

Na yi bisimilla, na ɗaga makunni.

Ba wuta.
Tun la'asar aka ɗauke, duk Gyaɗi-Gyaɗi ta sani,
ni kaɗai nake kaffa-kaffa da matacciyar waya.
Nusaiba ta yi dariya har ta faɗa cikin bokiti.

Wajen ukun dare firji ya yi gurnani.
Na tashi ba takalmi.
A duhun banɗaki, can sama,
garwashi guda ɗaya, ja, ba hayaƙi.

Da asuba Iya ta tara buta.
Tururi ya hau fuskarta.
Ta wanke hannu, ta daɗe a kan ƙafa,
ta zuba saura a gwiwa, wanda ba ya cikin alwala.
"Allah ya yi wa Sagir albarka," ta ce.

Na ce amin.

Da hantsi ya bugo waya.
Wai ga shi nan a hanya.